Gurup a cikin shagon ɗinki: ina ya kamata a ajiye shi?

Mai Tela: Salamu alaikum. A nan Tahoua, in kuran ya ɗauke muna tada gurup a cikin shago, can daga baya. Yara masu koyo na kukan ciwon kai da jiri. Mene ne gyara?

Makanike: Maigida, fitar da shi yau. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ko launi, tana hana jini ɗaukar iskar shaƙa. Buɗe taga bai isa ba. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kada bakin salansa ya kalli shago. Wanda jiri ya kama, a kai shi waje, sannan asibiti.

Mai Lantarki: Ƙari kan wannan: kada a zuba esansi yana aiki. A kashe shi, a jira minti 15 ya huce. Kuma kada a haɗa shi da wayar shago ba tare da makunnin sauya layi ba, wutar kan koma layin NIGELEC ta kama mai gyara.

Hajiya Mai Yadi: Ku rataye tulun kashe gobara mai hoda, kilo 6, kusa da ƙofa. Ruwa yaɗa wutar esansi yake yi. Lambar ƴan kwana-kwana 18.