Ƙaramar tirela mai jelar kifi: za ta rage wa Prius shan mai ko ƙara mata za ta yi?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Wata magana ake ta yawo da ita, na ce bari in kawo gaban manya. Wai idan aka ƙera ƙaramar tirela mai tsukakken baya kamar jelar kifi aka ɗaura wa Toyota Prius samfurin 2010 zuwa 2015, motar za ta sha mai ƙasa da yadda take sha ita kaɗai. Nauyi ya ƙaru, taya ta ƙaru, amma wai mai ya ragu. Anya kuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Zai yiwu, ƙanena, kuma ba siddabaru ba ne. Ba iskar da mota ke tunkara da goshi kaɗai ke cin mai ba. A bayanta, inda jiki ya yanke, iska na rabuwa da ƙarfe ta bar wani gurbi mai ƙarancin matsi yana ta juyi, shi ke jan motar baya. Ƙurar da ke lafewa a gilashin bayan bas aikinsa ce. Bayan Prius da gangan aka datse shi, irin fasalin da ake jingina wa Bajamushe Wunibald Kamm tun shekarun 1930: a tsuke rufi sannu a hankali, a yanke kafin ya yi tsini, don mota mai doguwar jela ba ta fakuwa. Aikin tirelar nan ta mayar da jelar da aka yanke. A baje kolin motoci na Frankfurt a 2015, Mercedes sun nuna Concept IAA, wadda idan ta kai gudun kilomita 80 bayanta ke miƙewa da santimita 39. Ma'aunin turjiyar iskarta, wanda ake rubutawa Cd, ya sauka daga 0.25 zuwa 0.19. Prius ɗin nan ma 0.25 take.

Malama: Injiniya, ka kawo rabin labari. A waccan motar har gaba da rim ɗin tayoyi suna sauya siffa, sannan jelar jikinta ce, ba ta da taya, ba ta da rata tsakaninta da motar. Mu yi lissafi. Faɗin fuskar Prius kusan murabba'in mita 2.2 ne. A gudun kilomita 100 cikin awa, da nauyin iska kilo 1.2 a kowace mita kubik, turjiyar iska na kamawa niyuton 255 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), ta tayoyi kuma wajen 130. Tirela mai kilo 150 a kan ƙananan tayoyi za ta ƙara kamar niyuton 18. Ke nan sai Cd ya sauka zuwa wajen 0.23 kafin ma a mayar da uwar kuɗi. A gudun 60 kuwa turjiyar iska duka-duka niyuton 92 ce, 18 ɗin nan kuma tana nan daram, sai ka zaftare kashi 20 cikin ɗari na iskar. Cikin gari asara ce tsagwaronta.

Injiniya: Na yarda da lissafinki, Malama, amma ai shi ma shaida ne a gare ni. Daga 0.25 zuwa 0.21 ba mafarki ba ne idan an rufe ratar. Ribar niyuton 41, a cire 18, saura 23 cikin 385. Kashi 6 cikin ɗari ke nan.

Malama: Wato a motar da ke shan lita 5 a kilomita 100, ka tsira da lita 3 a tafiyar kilomita 1,000. Kuma a rana mai zafin digiri 35 iska ta fi sauƙi, nauyinta na komawa wajen 1.1, ribar ta ƙara tsukewa. Yaushe za ka fanshe kuɗin alminiyom?

Mai Walda: Ku dakata, duk kun tsallake inda gizo ke saƙar: "idan an rufe ratar". Faɗin motar nan mita 1.75 ne. Da mahaɗin tirela na ƙwallo irin wanda aka saba, dole tsakanin ƙwallon da jikin tirela ya kai kusan santimita 90, in ba haka ba ranar da aka karya kwana a ribas kusurwar tirela za ta fasa danja. Iskar da ta sauko daga rufi kuwa ba za ta tsallake santimita 90 ta sauka lafiya ba. Faɗawa za ta yi cikin ratar ta bugi gaban tirela, ka samu gurbi biyu maimakon ɗaya.

Hanya biyu ce. Ko dai a yi fukafukai na roba mai kauri a gefe da sama, a kan hinji da sifirin, waɗanda ke lanƙwashewa a kwana su dawo. Ko a yi tirela mai taya ɗaya da ke juyawa kamar ta keken asibiti, a ɗaure ta a wuri biyu a shasi, ta riƙa hawa da sauka kawai ba ta karkata gefe. Wannan ce ke barin rata ta koma santimita 5 zuwa 10. Aibinta, tayar na kama kaɗawa a babban gudu idan ba a karkata sandarta daidai ba ko ba a sa mata abin da zai danne rawar ba. Kuma a kwana jelar na yin waje, mai babur na gefe bai sani ba.

Ɗalibi: Oga, to ita tsukewar nawa ake yi?

Mai Walda: Kada ta wuce digiri 12 zuwa 15 a sama da gefe, kuma a fara ta da lanƙwasa mai laushi, ba karyewa lokaci guda ba. A digiri 12, kowace mita ta tsawo na cin santimita 21 a kowane gefe. Tsawon mita ɗaya da rabi ya isa, sai a datse ƙarshen a miƙe, a nan fitilu da lamba za su zauna. Masu zumuɗi su ne ke yin digiri 25 don jela ta yi tsini da wuri, iska ta saki jiki tun daga farko, ya zama ado kawai ake ja. Ƙasan a shafe shi sumul, ya ɗaga baya kaɗan, kusurwarsa ƙasa da ta sama, wanda kuma zai hana shi kartar tudun rage gudu. Firam da fayif ɗin alminiyom mai kusurwa huɗu na milimita 25, jiki da falawud na milimita 4 ko soso mai tauri da aka lulluɓe da faiba. Tayar a shigar da ita ciki, kada ta leƙo. Abin da aka fi mantawa shi ne salansa: hayaƙi zai narkar da soso, kuma idan ya taru a rufaffiyar rata yana iya bin ƙofar but ya shiga cikin mota. A karkatar da bakinta gefe.

Bakanike: Ni duk ba nan hankalina yake ba. Toyota ba su amince a ja tirela da wannan samfurin ba. Sai a na 2016 suka ba da izinin kilo 725, shi ma a Turai. Ba giya irin ta sauran motoci ke cikinta ba, injin fetur ne da injinan lantarki biyu ke raba ƙarfi, da inbata, na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da injinan lantarkin, mai nata ruwan sanyaya daban. Kilo 150 ba zai kashe ta ba, mutum biyu ne a kujerar baya. Amma mun san hali: yau kilo 150, gobe an ɗora buhu uku. A doguwar hawa inbata ta ɗau zafi. A doguwar gangara batirin, da bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, ya cika da wuri, birkin da ke mayar da wuta ya ja baya, nauyin ya koma kan birkin ƙafa da injin.

Injiniya: Oga, ai wannan birkin ne ya sa haibrid ta fi mota zalla jure ƙarin nauyi. Ƙarfin da aka kashe wajen tayar da kilo 150 wani ɓangarensa na dawowa batir.

Bakanike: Wani ɓangare, ba duka ba. Kuma ka ƙara da lodi. Kashi 60 cikin ɗari na kayan ya zauna gaban aksul, kusan kashi 10 na nauyin duka ya danna mahaɗi. In kaya ya koma baya, tirela za ta fara wutsil-wutsil, ga ta da faɗin gefe ba nauyi, babbar mota ta gifta iskarta ta kwashe ta. Boris da aka ɗaure da yawa ko taya mai ƙarancin iska kaɗai sun isa su cinye niyuton 23 ɗinka.

Malama: Shi ya sa ban karɓar hoton allon mota mai nuna shan mai a matsayin hujja. Kashi 6 ya yi ƙanƙanta, iskar gaba kaɗan ko zafin injin na iya haifar da shi. A yanka zaren ulu santimita 8, a manna da salatif layi-layi a jikin tirela, wata mota ta bi gefe tana ɗaukar bidiyo. Inda zare ya kwanta, iska na manne. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, ta saki. Sannan a sami miƙaƙƙen titi marar hawa, da sassafe, bayan mota ta yi zafi: a kai 100, a sa furi, a ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka ta sauko 70. Sau biyar zuwa, sau biyar dawowa, ba tirela, da tirela, a sake ba tirela. A tuna tirela ta ƙara nauyi, mai nauyi kuma ya fi daɗewa yana gangarawa ko da iskar ba ta ragu ba, don haka a zagayen da babu ita a zuba kilo 150 a cikin mota.

Injiniya: Wannan gwajin na sa hannu. Sai dai ina ganin tambayar ce aka yi ta a karkace. Ba wanda zai ja tirela wayam don lita 3. Mai kaya ne ke nema, shi kuma zaɓinsa tsakanin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a rufi ne da tirela a baya. Kaya a rufi na ƙara faɗin fuska, yana kuma lalata iskar tun daga sama har baya. Tirelar da ta ɓuya a inuwar mota ba ta ƙara ko santimita.

Malama: A kan kariya ba ni da ja. A kan mota ita kaɗai kuwa, sai na ga bidiyon zaren.

Mai Walda: In dai don mai ne kawai, a bar taya gaba ɗaya. A yi akwati mai tsukewa na santimita 60 a ɗora a kan mahaɗin, kilo 15 ya ishe shi. Sai dai a mayar da lamba da danja bayansa, a kuma yi masa hinji, in ba haka ba but ba zai buɗu ba.