Supan da na zuba bara, yana nan a ƙasa ko ya tafi?

Ɗan_Gona:
Salamu alaikum jama'a. Wani ya ce min wai takin supa, wato takin sinadarin fosfaras, ba kamar yuriya bane, ko bara ka zuba sauransa na nan yana jiran shukar bana, da gaske ne? In haka ne ai sai na rage na bana kawai.

Malamin_Gona:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne amma da sauran magana. Shuka bata cin fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na fosfaras ɗin a daminar farko, kuma shi baya bin ruwa ya nutse irin yuriya, inda ka sa shi nan yake zama. Matsalar ƙasar ce ke kama shi, jar ƙasan nan ta yankunan zafi da ruwan sama ya daɗe yana wanke ta cike take da ƙarfe da alminiyam, in kuma tana da tsami, wato pH (ma'aunin tsamin ƙasa) ƙasa da 5.5, sai su riƙe shi gam, kullum riƙon ƙara ƙarfi yake, taki na cikin gona amma saiwa ta kasa zuƙa. Tsakanin 6 da 7 ya fi sakuwa. In ya haura 7 kuma kalsiyam ne zai ɗaure shi.

Mai_Fadama:
Malam ka manta laka da yashi. Ƙasar jigawa mai yashi bata riƙe shi sosai, ragowar bara ta fi saurin amfani a can, jar laka kuwa sai ta ƙoshi tukunna take bari shuka ta samu. A fadamar shinkafa in ruwa ya kwanta ƙarfen kan saki wani abu daga ciki.

Malamin_Gona:
Haka ne wallahi. Ai yankin Serado na Burazil haka suka yi, shekara da shekaru suna zuba fosfaras da farar ƙasa mai kashe tsami kafin gonakin su miƙe. Ɗan'uwa kar ka yanke shi gaba ɗaya saboda zubin shekara ɗaya, ka dinga binne shi a layi kusa da shuka maimakon watsawa, ka haɗa da takin dabbobi don yana rage kamun. Sannan ka tare zaizaya, in ruwa ya kwashe ƙasar sama da ragowar yake tafiya.

Ɗan_Gona:
Na gode Malam, tawa jar laka ce. Wane gwaji zan ce a min?

Malamin_Gona:
A fara auna pH, sannan a auna fosfaras ɗin da shuka za ta iya samu, in da tsami da gwajin da ake kira Bray, in babu da wanda ake kira Olsen.