Makarantar reno a majami'ar Yahudawa: in kai 'yata ko in haƙura?

Uwar_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, kuma kar a rufe ni da faɗa tun ban gama bayani ba. Muna zaune a Pikesville ne gefen Baltimore a Amurka, wanda ya san wajen ya san Yahudawa sun yi yawa sosai, ran Asabar haka za ka gan su a ƙafa da yaransu suna tafiya wajen ibada don masu riƙo sosai a cikinsu ba sa tuƙi ranar. Ƙaramar 'yata ta cika shekara uku, ni na koma aiki asibiti, maigidan kuma tun asuba yake fita. Mun nemi Head Start, shirin makarantar yara na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, aka ce albashinmu ya haura, sauran wuraren renon kuma ko layi ko nisa ko kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Sai wata abokiyar aikina ta nuna min wata makarantar yara a cikin majami'ar Yahudawa, minti biyar daga gidanmu. Na je na gani, wallahi tsaf-tsaf, yara kaɗan a aji, ga filin wasa ga ɗan lambu, shugabar ta ce suna karɓar kowa har da yaran Kiristoci da na Indiyawa. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai wadda ta taɓa kai ɗanta irin wannan? Me ake koya musu takamaimai, abincin fa? Ko Hajiyarmu a Katsina ban iya faɗa mata ba.

Maman_Bronx:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni na yi, autana shekara biyu ya yi a irinta kafin ya shiga ta gwamnati, bari in ba ki abin da na gani da idona.

Ki fara tambaya wane ɓangare ne. Akwai Orthodox masu tsanani, akwai Conservative a tsakiya, akwai Reform masu sassauci. Waɗanda ke buɗe ƙofa ga kowa yawanci Reform ne ko Conservative, ko cibiyar al'ummarsu da suke ce wa JCC. Daga Litinin zuwa Alhamis kusan duk wasa ne, fenti, yashi, ruwa, tubalan katako, karanta musu labari, tamu ma tsarin Reggio na Italiya suke bi wai yaro shi zai ja ragamar abin da ake koyo, da farko na ce to kuɗina ne ke tafiya a kwaɓa laka, sai da na ga yaron da ko sunansa ba ya faɗa wa baƙo ya buɗe baki yana tambaya kamar ɗan jarida.

Juma'a ce daban. Da safe suna yi wa yara ɗan bikin shiga Asabar, a kunna kyandir, a ba su ruwan inabi mara giya a ƙananan kofuna, da wani burodi mai kitso da suke kira hala, ana waƙa ana karanta addu'a da Ibrananci a kan kowanne. Kar wani ya ce miki babu addini a ciki, akwai, kuma yaro ɗan shekara uku kamar soso yake. Nawa ya dawo gida yana rera waƙar Shabat Shalom a banɗaki da ƙarfinsa, ranar nan mahaifinsa ko abinci bai ci da daɗi ba. Yana ce min ima maimakon mama, toda maimakon na gode. Amma fa babu wanda ya taɓa jan shi gefe ya ce ya bar addininsa, Yahudawa ba mutanen wa'azin jawo mutane cikin addininsu ba ne. Da azumi ma malamarsa ita ta roƙe ni in zo in yi wa yaran bayanin Ramadan, na kai musu dabino.

Abin da ya fi ba ni wahala ba wannan ba ne ma, kalandarsu ce. Tsakanin Satumba da Oktoba hutu ne a kan hutu, Rosh Hashana sabuwar shekararsu, sai Yom Kippur, sai Sukkot, kina cewa an gama sai a sake rufewa. Wajen Maris ko Afrilu ga Pesach kusan sati guda. Lokacin sanyi kuma wasu da wuri suke tashi ran Juma'a don rana na saurin faɗuwa. Ke da kike aikin asibiti ki karɓi kalandar shekara tun kafin ki biya ko sisi, ki zauna da ita da biro.

Dattijon_Damagaram:

'Yata ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ba ta gama haddace Fatiha ba ki kai ta ta fara haddace addu'ar wasu? Mu a nan ɗan shekara uku allo ake rataya masa. Babu masallaci ko makarantar Musulmi a garin naku ne? Ko kuwa ki nemo tsohuwa cikin 'yan'uwa ta riƙe miki ita. Aiki ba ya ƙarewa, yarinta kuwa sau ɗaya ake yin ta.

Uwar_Biyu:

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Akwai makarantar Musulmi amma can wani gefen gari take, kuma ni ƙarfe bakwai nake karɓar aiki. Tsohuwa kuma Baba nan ba gida ba ne, kowa na can yana neman na haya, biza ma muka nema wa Hajiya ba a ba ta ba.

Almajirin_Zariya:

Anti ni ba mai fatawa ba ne, ki samu limamin masallacinku ki zauna da shi, amma ga ɗan abin da na sani. Batun abinci shi ne mafi sauƙi. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, su kuma alade haramun ne a wajensu kamar mu, yanka suke yi da wuƙa a tsiyayar da jini, har sun fi mu ƙa'idoji don ba sa haɗa nama da madara a ci ɗaya. Shi ya sa da yawan makarantun nan za su ce kar ki sako nama a kwanon yarinya kwata-kwata, sai ƙwai, cuku, wake, taliya, 'ya'yan itace. Wato dambun nama da kilishi ki bar su sai ta dawo gida. Inda za ki sa ido shi ne giya, su kosha, wato ƙa'idar abincinsu, ba ta hana giya ba, amma ba a ba yara, ruwan inabi ne.

Labaran da za ta ji kuma rabi kin san su. Annabi Nuhu da jirgi, Annabi Yusuf da 'yan'uwansa, Pesach gaba ɗaya labarin Annabi Musa ne da Fir'auna da tsagewar teku. Akwatin da yara ke jefa kwabbai ran Juma'a sunansa tsedaka, ki faɗe shi da ƙarfi za ki ji sadaka, asalin kalmar ɗaya ne. Baƙaƙensu 22, alef, bet, gimel, dalet, daga dama zuwa hagu kamar na Larabci. Sai dai kama da wane ba ta wane, akwai wuraren da riwayarsu ta saɓa da Alƙur'ani, misali su Ishaƙa suke cewa aka so yankawa, mu abin da aka karantar da mu Isma'ila ne. Yarinya 'yar uku ba za ta tace wannan ba, ke ce za ki tace mata, to in kin san za ki dawo a gajiye ki faɗa gado ba ko Ƙulhuwallahu kafin barci, maganar Baba ta Damagaram tana da nauyi.

Hadizan_Houston:

Abu biyu ba wanda ya taɓo. Wajen Afrilu ko Mayu yawancinsu suna bikin ranar 'yancin Isra'ila, yara su sa shuɗi da fari a ba su tutoci. Ni nan na tsaya gaskiya, da abin da ke faruwa a Gaza ba zan iya ganin ɗana da tutar nan a hannu ba, wata kuma za ta ce kawai ta ajiye shi a gida ranar, kowa da zuciyarsa. Ki tambaye su kai tsaye yadda suke yi. Na biyu tsaro. Tun harbin majami'ar Pittsburgh a 2018 da aka kashe mutum 11 suka ƙara matakai sosai, ƙofa a kulle, kyamara, wani wajen har mai gadi da bindiga. Wata hankalinta kwanciya yake in ta gani, ni kuwa tashi nawa yake yi.

Uwar_Biyu:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na koma yau da tambayoyin a rubuce. Reform ne. Shugabar ba ta ɓoye komai ba, ta ce bikin Juma'a kowane aji na zuwa amma ba a tilasta wa yaro ya faɗi addu'ar, ranar Isra'ila kuma za ta sanar da ni tun da wuri in na ga dama in bar ta a gida. Ta ba ni kalandar, na ƙirga ranakun hutun Satumba da Oktoba sai da na dafe kai, dole in nemi musanya da abokan aiki tun yanzu in har za mu yi. Maigidan ya ce shi sai ya je ran Juma'a ya zauna ya ga bikin da idonsa kafin ya ce komai, sun ce ya zo ƙarfe goma. Fom ɗin na nan cikin jakata ban cike ba. Maman_Bronx dan Allah in ba nama me kike zuba wa naki a kwano, don wannan yarinyar in ba shinkafa da miya da tsoka a kai ba ko kallon abinci ba ta yi.