Hawan jini da ciwon suga: a ƙara amlodipine ko a haɗa da wani magani?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Babanmu shekararsa 58, yana da ciwon suga. Wata biyu ke nan yana shan maganin hawan jini amlodipine 5mg, amma awo yana nuna 152/94. Nawa ake so jinin ya sauka, kuma me ya kamata mu tambayi likitansa?

Likita A.: Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, mai hawan jini kaɗai ana so ya sauka ƙasa da 140/90. Mai suga, ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ana so adadin sama ya koma ƙasa da 130. Ni na fi ganin a ƙara masa wani maganin hawan jini, losartan 50mg, maimakon a ninka amlodipine, domin losartan yana kare ƙodar mai suga, musamman idan akwai furotin a fitsari, shi kuwa amlodipine 10mg yakan kumbura ƙafa. Sati ɗaya zuwa biyu da farawa a gwada ƙoda da sinadarin potassium na cikin jini.

Hajiya Famasi: Binciken CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya nuna haɗin da amlodipine ke ciki ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide (wasu magungunan hawan jini biyu) sauke jinin baƙar fata. Don haka kada a cire masa amlodipine. Idan lisinopril (shi ma maganin hawan jini ne) aka rubuta maimakon losartan ya kama busasshen tari, maganin ne, a canza. Kumburin leɓe ko harshe kuwa, asibiti nan take. Kada a taɓa haɗa lisinopril da losartan, kuma mai ciki ba ta shan ko ɗaya.

Malam Nas: Kafin komai, Maman Iman, ki tabbatar da awon. Ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ba ya magana. Abin ɗaurawa idan ya yi wa dantse kaɗan, adadi yana haurawa. A auna safe da yamma tsawon mako, a rubuta a kai wa likita. Ki kuma duba ko yana shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, suna ɗaga jini. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.