Digiri na biyu kana kan aiki: waɗanda suka yi a Legas, ku ba mu labari

Ɗan sanda, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son shiga digiri na biyu a fannin nazarin laifuka da tsaro ba tare da na ajiye kaki ba. An fara damƙa mini yara in jagoranta, kuma horon farko bai ishe ni ba. Duk wanda ya haɗa wannan karatu da aiki a nan Legas, ya gaya mana yadda ya yi, da ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Jami'in gidan gyaran hali, Apapa:
Wa alaikumus salam Yallabai. Ni a NOUN na yi, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, saboda mai aikin dare ba ya iya yi wa aji alkawari. Darussan suna waya, TMA, wato aikin gwaji da ake ba maki, ma a intanet kake yi, jarrabawa ce kawai ke kai ka cibiya. Mafi yawan karatuna tsakanin asuba da hantsi na yi shi, bayan na miƙa mabuɗai.

Abin da ya fi amfana ta shi ne na zauna na karanta dokar 2019, wadda ta mayar da hukumarmu daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Da yawanmu sunan kawai muka ga ya canja a jikin mota. Alhali dokar ta tanadi hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sakin mutum bisa sharaɗi ana sa masa ido. Da lokacin binciken kammala digiri ya zo sai na ɗauki masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan. Na bi takardun tsarewa ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga yaro ɗan Arewa da aka kwaso a samame a bakin kasuwa, ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci, ranar komawarsa kotu ta wuce tuntuni, babu wanda ya tambaya. Yanzu duk ƙarshen wata ina fitar da sunayen irin waɗannan a takarda guda in kai wa na gaba da ni. Wannan ɗabi'a a karatun na same ta.

'Yar sanda, Obalende:
Yallabai ka shiga, amma ka shirya wa gida. Ni da yara da girki da aikin kantar caji ofis, ƙanwata ce ta riƙe ni. Akwai lokacin da jarrabawa ta faɗo ranar da nake bakin aiki, ogan da nake ƙarƙashinsa ya ƙi sauya mini, sai da wata abokiyar aiki ta tsaya mini na rama mata daga baya.

A aji na gane cewa Legas ta riga tarayya: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta jihar nan tun 2007 take, aka sake ta a 2011, ta tarayya kuwa sai 2015. Dokar jihar ta ce idan wanda ake zargi zai amsa laifi, a ɗauka a bidiyo ko a yi a gaban lauyansa. An kuma hana kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Da can ina jin waɗannan a matsayin rigimar lauyoyi. Yanzu na san su ne ke sa shari'a ta tsaya ko ta rushe a gaban alƙali, kuma ina zaunar da ƙananan ma'aikata in yi musu bayanin dalili, ba tsawa kawai ba.

Tsohon jami'i, Idi-Araba:
Ɗana, ka nemi izinin karatu a rubuce kafin ka biya ko sisi, ka adana kwafi. Kuma kada ka sa rai takardar kaɗai za ta ƙara maka tauraro. Ƙarin girma da tsarinsa yake tafiya.

Ma'aikacin kotu, Ikeja:
Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na ɗan'uwa na Apapa. Na zaɓi karatun ƙarshen mako, wanda ake zama a aji, kuma ban yi nadama ba. A benci ɗaya ga lauyan gwamnati, ga ɗan sanda, ga jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga mai kula da tsaron banki. Ranar da aka tattauna jinkirin shawarar lauyan gwamnati kan fayil, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa, har malamin ya sa muka zana tafiyar fayil ɗin a allo tun daga caji ofis har gidan gyaran hali. A nan kowa ya ga inda yake kwana a teburinsa. Wahalar ita ce hanya, amma mai fitowa daga Agege yanzu yana da jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Yaba, idan makarantarka ta wajen can ce. Wani abu kuma: idan HND, babbar difloma, gare ka, ko digirinka na wani fanni ne daban, yawanci sai ka fara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri.

Jami'in Sibil Difens, Mile 12:
Ni ban gama ba. Ina tsakiyar zango aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata jiha, karatun kuma na zama a aji ne, kuɗin ya tafi. Har yau abin yana ci mini rai, kuma ina da niyyar komawa.

Ɗan sanda, Agege:
Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Wannan na canjin wurin aiki shi ne fargabata. Malam na Apapa, idan aka ɗauke ni daga Legas fa?

Jami'in gidan gyaran hali, Apapa:
A NOUN kana iya neman a mayar da kai cibiyar da ke jihar da aka tura ka, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka dai nema da wuri, kafin a fitar da jadawalin jarrabawa.