Wai zaman da ake yi da Nijar yana hana bindiga shigowa kuwa?

Abban Ikram:
Salam jama'a. Jiya da dare gardama ta kaure mana a teburin mai shayi nan Tudun Wada har shayina ya huce ban sha ba. Ƙanin babana ya baro gonarsa a wajen Kidandan damina biyu kenan saboda ɓarayin daji, yanzu rake yake turawa a baro a Ɗan Magaji, mutumin da ke cika rumbu biyu da masara fa. Shi ya ce duk bindigar nan ta iyaka take shigowa, ni kuma na ce ai ana ta zama da Nijar, Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024, Tuggar, ministan harkokin waje na lokacin, shi ma ya je a Afrilun 2025. To don Allah masu sani, zaman nan yana haifar da ɗa mai ido ko dai shan lemo ne da ɗaukar hoto?

Malam Na Samaru:
Wa alaikumus salam. Abban Ikram ai sai da aka ɓata kafin a zo gyara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 mu ne muka yanke musu wuta muka rufe boda, ECOWAS har tana barazanar tura soja, to ka yi wa maƙwabci haka sannan ka ce ya tsare maka bayan gida? An janye takunkumin a farkon 2024 amma zuciya ba ta huce ba, ka tuna hirar da Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi da Hausa a Disamban 2024 yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya fito ya ƙaryata. Janairun 2025 suka fice daga ECOWAS su da Mali da Burkina, Maris kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Zuwan Tuggar dai yayyafa ruwa ne, ba laifi.

Direban Jibiya:
Malam ka faɗi gaskiya amma ni hanyar nan nake bi, Funtuwa, Katsina, Jibiya har Maraɗi. Iyakar nan kusan kilomita 1,500 ce kuma ba katanga, gona ce ke haɗe da gona, ɗan acaɓa zai zagaye shingen kwastan ta cikin gero ko gezau. Mai bindiga ba ya bin ƙofar iyaka ta Magama ya nuna fasfo. Ni zaman da na ga ya fi ma'ana shi ne na 2019 da Masari da Tambuwal da Matawalle, gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara na lokacin, suka je Maraɗi wajen gwamnan can, don su ne suka san dajin, Abuja da Yamai sun yi nisa.

Maman Hanifa:
Ni fa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kowa Nijar Nijar, Libiya Libiya. Na yarda makamai sun bazu tun faɗuwar Gaddafi a 2011, 'yan bindigar Lakurawa ma ta Nijar suka ɓullo Tangaza da Gudu a Sakkwato. Amma burodin da ɓarayin dajin suke ci daga Agadas ake kai musu? Man babur fa, da katin waya, da ƙwaya? A 2021 da aka katse sabis a Giwa da Birnin Gwari aka hana sayar da mai a jarka ai kowa ya ga yadda galan ya yi tsada, kuma bai daina shiga daji ba. Su ma mutanen Maraɗi kuka suke da mu, ɓarayinmu ke tsallakawa su kwashe musu shanu.

Abban Ikram:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi wallahi, Baba da kansa ya ce wanda ya nuna gidansa ɗan garinsu ne, tare suke sallar asuba. Direba in ka shiga Maraɗi satin nan ka tambayo mana ko sojojinsu da namu suna sintiri tare har yanzu, in kai wa Baba labari.