Neman kalma kafin ƙarfe bakwai: yaya za a ce "experimental research"?

Mai Shirin Ilimi: Salamu alaikum. Ƙarfe bakwai zan shiga situdiyo, ga shi rahoton da aka miƙo min kan baje kolin binciken wata jami'a kalma ɗaya ce ta cika shi: experimental. Ta fito a rigakafin kaji, ta fito a tallafin talakawa, ta fito a waƙa, har da tsofaffin tukwane. Na rubuta "binciken gwaji", edita ya ce mai sauraro zai ɗauka somin-taɓi ne, na gaskiyar yana tafe. A taimaka wa baiwar Allah.

Ɗan Shika: Hajiya, wajen kaji dai editanki bai yi daidai ba. Gwaji ne tsagwaronsa. Za a raba 'yan tsaki gida biyu, a ɗiga wa kashi ɗaya rigakafi a ido, a bar ɗayan haka nan, sannan a sa musu ƙwayar cutar duka, a zauna ana ƙirga masu faɗuwa. Waɗanda ba a ɗiga wa ba su ne ma'auni, in babu su ba ki san ko maganin ne ya yi aiki ko sa'a ce ba. Haka ake tabbatar da irin rigakafin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. Kuma kakanninmu sun riga kowa, in ba haka ba daga ina muka samo "zakaran gwajin dafi"?

Almajirin Zaure: Tajriba. Bincike na tajriba. Gajeriya ce, tana da kwarjini.

Hausa Zalla: Allah gafarta Malam, mun gudu daga Turanci sai mu faɗa Larabci? Ni na daɗe da ƙirƙiro kalmar: GWADAGANI. Gwada, a gani. Binciken gwadagani, waƙar gwadagani. Tun bara nake roƙon 'yan jarida su ɗauka.

Almajirin Zaure: Ɗan'uwa, jami'ar da ake magana a kanta da ilimin da ake yi a cikinta, duka kalmomin daga ina suka zo? Sai ka fara korarsu tukuna.

'Yar Kurmi: Gwadagani kamar mai tallan maganin basir a tasha, wallahi.

Hausa Zalla: Ku yi dariya. Haka aka yi wa "wayar tafi-da-gidanka" dariya da farko.

'Yar Kurmi: Yaya, yau wa ke faɗinta in ba mai karanta labarai ba? Kowa waya yake cewa.

Malamin Tattali: Mu koma kan aikin Hajiya. Na talaucin shi ne mai haɗari. Kada ki kuskura ki ce "an yi gwaji a kan talakawa", mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kunne zai tashi nan take. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ƙauyuka masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, wasu su samu tallafin yanzu, wasu sai gaba, bayan wani lokaci a auna bambanci. Ƙuri'ar ce zuciyar abin, don kada mai bincike ya zaɓi garin su matarsa. Wannan hanyar ce ta sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019. Ni da "gwajin kwatance" zan kira shi, ko ki ce "an gwada tsarin tallafi". Tsarin ake gwadawa, ba mutane ba.

Mai Shirin Ilimi: Madalla, wannan na ɗauka. Saura waƙa da tukwane, kuma biyar ta wuce.

Ɗan Damagaram: Mu nan daga Faransanci muke fassarawa, matsalar ɗaya ce. Sai dai kullum in an tashi yanke hukunci Hausar Kano ake ɗauka, kamar sauranmu aro muka yi.

Hausa Zalla: Daidaitacciyar Hausa ba laifin Kanawa ba ne.

Basakkwace: Daidaita wa? Mu da muka rubuta waƙa tun zamanin Shehu da Nana Asma'u ba mu jira kowa ya daidaita muna ba.

Malamar Adabi: Ku ajiye wannan, ba ta ƙarewa. Ƙanwata, a waƙa kalmar ba ta nufin gwaji ko kaɗan. Ana nufin marubucin da ya ƙi bin ƙa'ida da gangan: ya watsar da amsa-amo, bai tsaya kan ƙwar biyu ko ƙwar biyar ba, wani ɗango kalma ɗaya, wani ya cika layi. Babu keji, babu ma'auni. Ki ce "waƙar sabon salo". In kika ce waƙar gwaji, za a ɗauka ta ɗan koyo ce.

Hausa Zalla: Shi ya sa na ce gwadagani, ta ɗauke duka huɗun. Amma da yake ba farfesa ne ya ƙirƙiro ta ba, ba za ta shiga ba.

Malamar Adabi: Ba a kan takarda ake rigimar ba. Turancin ne ya cusa abu huɗu a buhu ɗaya, ba dole mu ɗinka irin buhunsa ba.

Jikar Maginiya: Na tukwanen ku bar min. Kakata maginiya ce. Abin da masanan ke yi shi ne su tsinci tsingaro a tsohon kufai, su nemo irin yumɓun, su gina da hannu, su gasa a fili da itace da ciyawa, su ga ko zai fito da launi da taurin na dā. In bai fito ba su sake. Mu "kwaikwayo" za mu ce, ko "sake gini irin na dā". Amma ki duba rahoton da kyau. In irin aikin da masanan Frankfurt da Bristol suka fitar a 2021 ne, da suka gano kakin zuma a jikin tukwanen Nok na kusan shekara 3,500, wannan awo ne a ɗakin bincike, ba kwaikwayo ba.

Mai Shirin Ilimi: Na duba, ginawa suka yi suka gasa. To ga abin da zan karanta: kan labari "binciken gwaje-gwaje", edita ya yarda da jam'in, wai ya fi nauyi. Ciki kuma gwaji ga kaji, gwajin kwatance ga tallafi, sabon salo ga waƙa, kwaikwayo ga tukwane. Na gode ƙwarai.

Almajirin Zaure: Ba laifi. Amma da tajriba kika sa, da kin rage daƙiƙa goma.

Malamin Tattali: Kan labarin bai rufe waƙar ba fa.

Mai Shirin Ilimi: Na sani, Malam. Bakwai saura kwata.

Ɗan Damagaram: Ba wanda ya tambayi yadda mu muke cewa.

Hausa Zalla: Hajiya, ko sau ɗaya ki jefa gwadagani a ƙarshen shirin, mu ji ko masu kira za su ƙi.